Koyon Hira a Gida: Daga Jariri Har Tsoho

A ɗakin duba marasa lafiya, sau da yawa uwa takan zo da yaro ɗan shekara 3 ta ce, "Likita, har yanzu bakinsa bai buɗe ba." Wata rana kuma 'ya'ya ne za su kawo mahaifinsu a kan amalanke, ɓarin jikinsa ya shanye, su ce, "Tun ranar da abin ya same shi ba mu ƙara jin maganarsa ba. A yi masa allura." Dukansu magani suke nema. Akwai abin da likita zai iya yi, za mu kuwa faɗa muku shi a cikin wannan ɗan littafi. Amma ku sani tun yanzu, babu ƙwaya ko allurar da take sa magana a bakin mutum. A cikin hira ake koyon magana, a cikin hira kuma ake maido da ita in ta ɓace. Hira kuwa a gidanku take.

In ba kowa ya iya karatu a gidanku ba, wanda ya iya ya karanta wa saura da ƙarfi, kaɗan-kaɗan, ana tsayawa ana tattaunawa.

Hira kamar lugude ce

Ku dubi mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Taɓaryar wannan tana sauka, ta waccan tana tashi. In suka sauke tare, sai taɓare su yi karo. In ɗaya ta tsaya, luguden ya mutu. Haka hira take. Wani ya faɗa, ya jira, ɗayan ya amsa.

Akwai mutumin da ya san kalmomi barkatai amma bai iya hira ba, don ba ya jiran kowa. Akwai kuma wanda ba shi da kalma ko ɗaya, amma da ido da hannu da murmushi yana bi-da-bi da kai sarai. Cikin abu ukun nan, faɗa da jira da amsa, jira ne aka fi mantawa. Za ku yi ta gamuwa da shi a kowane shafi, don shi ne abin da jariri da mai i'ina da tsohon da ya shanye suke bukata gare ku.

Ke uwa, jaririnki yana sauraronki

Jariri yana jin murya tun yana ciki, a watannin ƙarshe. In aka haife shi, idonsa ba ya kaiwa nesa. Inda ya fi gani sosai shi ne kamar santimita 20 zuwa 30, wato daga nono zuwa fuskarki. Saboda haka lokacin shan nono shi ne makarantarsa ta fari. Ki dube shi, ki kira shi, ki yi shiru kaɗan. Wajen wata 2 zai fara maida miki murmushi. Wannan ita ce amsarsa ta farko. In ya ce "aa", ke ma ki ce "aa", ki jira. Zai sake. Mai wucewa zai ce wasa kuke yi, alhali lugude ne kuka fara.

Goyo abu ne mai kyau. Yaro yana jin ɗuminki, yana jin muryarki, yana zuwa duk inda kika je. Sai dai a baya ba ya ganin bakinki. Don haka in kin sauke shi, lokacin wanka, ko shafa mai, ko ba shi kunu, ki juyo da shi ku fuskanci juna. Ki riƙa faɗa masa abin da kike yi: "Ga ruwa. Mu wanke ƙafa. Ina ɗaya ƙafar? Ga ta!" Ba sai kin ware lokaci na dabam ba, mun san aikin gida ba ya barin ki zama. Wurin surfe da tankaɗe da hanyar rijiya duk wurin hira ne.

Akwai maganar ɗan fari. A wurare da yawa uwa tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ba mu ce ki bar kunya ba. Amma kunya ta gaban mutane ce. In kun shiga ɗaki ke da shi, ki sake da shi, ki yi masa hira yadda ranki yake so. Ku kuma kakanni da gwaggwanni, ku cike abin da kunya ta hana uwa yi a tsakar gida. Yaro ba ya zaɓen bakin da zai koya daga gare shi, muddin dai mai bakin yana dubansa yana amsa masa.

In kuwa kun ga mai jego ta yi shiru makonni, ba ta kula jaririn, tana kuka ba dalili, ba ta barci ko ba ta cin abinci, kada ku ce lalaci ne ko miskilanci. Ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, ana kuma taimaka musu. Ku kawo ta.

Abin da ake sa ran gani

Yara ba su tafiya daidai, kamar yadda hatsi ba ya nuna rana ɗaya. Duk da haka akwai alamun hanya. Wajen wata 6 jariri yana juyawa wurin da sauti ya fito. Tsakanin wata 6 da 9 yana fara "ba-ba-ba" da "ma-ma-ma". Wajen shekara 1 yana sanin sunansa, yana miƙa hannu a ɗauke shi, kalma ɗaya ko biyu ta fara fitowa. Kafin shekara 1 da rabi yana nuna abu da yatsa, ya waiwayo ya dube ki, kamar yana cewa, "Kin gani?" Wannan nunin babban abu ne, ku lura da shi. Wajen shekara 2 yana haɗa kalma biyu, kamar "Inna zo" ko "ba ruwa". A shekara 3 mutanen gida suna gane yawancin maganarsa, a shekara 4 baƙo ma yana ganewa.

Ga yadda ake ƙara masa. In ya nuna akuya ya ce "me", kada ki ce, "A'a, ce akuya." Ki ce, "I, akuya ce. Akuya tana cin dusa." Kin amsa masa, kin ba shi sunan daidai, kin ɗora kaɗan a kai, ba ki kunyata shi ba. In kin tambaye shi abu, ki ƙirga 1 zuwa 10 a zuci kafin ki sake magana. Za ki ga ƙirgar ta yi miki tsawo. Shi kuwa lokacin nan yake lalubo kalmar. Ku hana yayyensa amsawa a madadinsa. Yaron da kullum ake yi wa magana ba shi da dalilin yin tasa.

Wasu iyaye suna tsoron harshe biyu zai rikita yaro, misali uwa tana Fulatanci ko Zabarmanci, uba yana Hausa, ga Faransanci yana jira a lakwal. Harshe biyu ko uku ba ya hana yaro magana. Zai ɗan cakuɗa su da fari, daga baya ya rarrabe. Kowa ya yi masa harshen da ya fi iyawa, wanda yake yin wasa da waƙa a cikinsa.

Wayar salula fa? Yanzu har a ƙauye ana miƙa wa yaro waya ya kalli bidiyo don ya yi shiru. Zai kuwa yi shiru. Amma waya ba ta jiransa, ba ta amsa masa. Taɓarya ɗaya ce take ta sauka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. In babansa yana ci-rani ya kira, a sa wa yaron wayar su gaisa, wannan dabam ne, don akwai mai amsawa.

Makarantar da kuka gada

Ba sai an kawo muku wata dabara daga waje ba. Gaisuwa kanta darasin hira ce. "Ina kwana?" "Lafiya lau." "Ina gajiya?" "Babu gajiya." Kowace tambaya da amsarta, kowa da lokacinsa. Tun yaro yana shekara 2 ku riƙa zuwa da shi gaida kaka da safe. In ya noƙe, kada ku tilasta shi a gaban jama'a. Ku gaisa yana gani, gobe ku sake. Ku gwada a ɗaki tukuna: "Ni ce Kaka, shigo ka yi sallama."

Aike ma haka ne. Ku fara da saƙo guda, zuwa wuri na kusa: "Je ka ce wa Gwaggo ta ba ka ludayi." In ya dawo ku tambaye shi, "Me ka ce mata? Me ta ce?" Kun koya masa riƙe magana, da isar da ita, da kawo amsa. In ya ƙware sai ku ƙara saƙo na biyu. In ya manta a hanya, ku maimaita masa ya koma. Duka ba ya sa tuni, tsoro yake sawa, tsoro kuwa yana ƙulle baki.

Da dare kuma ga tatsuniya. Mai bayarwa ba ta farawa sai ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," an amsa, "Ta zo mu ji ta." Ku riƙa tsayawa a tsakiya kuna tambaya: "To, me kuke gani Gizo zai yi?" "Yaya Ƙoƙi ta ji a ranta?" Irin wannan tambaya tana koya wa yaro tunanin abin da ke zuciyar wani, wanda shi ne gishirin hira. Wata rana ku ce shi ya ba da tatsuniyar, ko da zai karkace ta. Kacici-kacici, da gaɗa mai amshi, da wasan 'yartsana, duk aiki ɗaya suke yi.

Kai uba, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Yaron da bai taɓa jin komai daga bakinka ba sai "kawo" da "bari" zai girma yana jin tsoron yi maka magana, har ranar da wani abu zai same shi ya ɓoye maka. A hanyar gona ka nuna masa itatuwa da sunayensu, ka tambaye shi abin da ya gani, ka jira ya gama.

In magana ta yi jinkiri, a fara da kunne

Yaro abin da ya ji yake faɗa. In bai ji ba, ba zai faɗa ba. Yawancin waɗanda ake kira bebaye harshensu lafiya lau yake, kunne ne ba ya ji. Abin baƙin ciki kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara daga abubuwan da ake iya karewa ne.

Ɗaya daga cikin manyansu a ƙasarmu shi ne sanƙarau, wanda yake zuwa da rani, lokacin ƙura da zafi. Cikin mutum 5 da suka tashi daga sanƙarau mai tsanani, kusan 1 yakan fita da wata illa da za ta daɗe, rashin ji kuwa yana cikin waɗanda aka fi gani. A 2010 aka fara allurar rigakafin nau'in A a Nijar da Mali da Burkina Faso, ta kuma rage shi ƙwarai. Amma akwai wasu nau'o'in. A 2015 nau'in C ya yi ɓarna a Yamai da kewaye. Saboda haka zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, ba abin kwana a gida ba ne. Duk yaron da ya warke daga sanƙarau kuma a gwada jinsa cikin makonnin farko. Ƙyanda, da hangum, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da shawara mai tsanani a makon haihuwa, su ma suna iya taɓa kunne. Wasu allurai ma suna yi in an yi su ba bisa ƙa'ida ba, shi ya sa muke hana ku karɓar allura wurin masu tallar magani a kasuwa.

Sai ciwon kunne mai zubar da mugunya. Mutane sun saba da shi har ba su ɗauke shi ciwo ba, a ce ai zai bari in ya girma. Mugunyar nan ta wani rami take fitowa da ya huje a dodon kunne. Yaron yana ji kamar wanda aka toshe wa kunne da auduga, a daidai shekarun da ya kamata ya kwashi kalmomi. Ku kawo shi a duba, balle in zubar ta kai mako 2. Kafin nan, ku naɗe tsumma mai tsabta mai laushi kamar lagwani, ku sa a bakin kunnen ya tsotse ruwan, ku canza har ya fito a bushe, sau 3 a yini. Kada ku ɗiga mai ko ruwan ganye, kada ku sa tsinke ko ashana ko gashin kaza, kada ruwan wanka ya shiga. In bayan kunnen ya kumbura yana zafi, ranar nan za ku taho.

Kuna iya gwada ji a gida. Yaro yana zaune a cinyar uwa, wani ya tsaya a bayansa inda ba ya ganinsa, ya kira sunansa da murya ƙasa-ƙasa, ko ya kaɗa 'yan tsakuwa a gwangwani, ta dama, sa'an nan ta hagu. Kada a buga ƙafa a ƙasa ko a yi tafi kusa da kansa, don zai ji motsin a jikinsa ya juyo, ku zaci ya ji. In kun gwada kwana dabam-dabam ba ya juyowa, ku kawo shi.

Yaron da ba ya ji

Kurma ba wawa ba ne. Hankalinsa daidai yake da na kowa, ƙofa ɗaya ce ta rufe, sai a bi ta wata. Ku fara maganar hannu da shi tun ranar da kuka gane, kada ku jira ya girma. Ku sa wa kowane abu alama, ruwa, tuwo, Inna, Baba, zafi, duk gida ku riƙa yin iri ɗaya. Ku taɓa kafaɗarsa ya dube ku kafin ku fara. Maganar hannu ba ta hana wanda yake da sauran ji koyon ta baki. In akwai kurma babba a garinku, ku kai yaron wurinsa, ya fi mu duka sanin hanyar. Akwai makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram.

Wani Ba'amurke mai bishara, Andrew Foster, sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11. Ya yi karatu har jami'a. A 1957 ya buɗe makarantar kurame a Gana, kafin rasuwarsa a 1987 kuma ya kafa wajen 30 a ƙasashen Afirka.

Aska ba ta buɗe baki

In yaro ya yi jinkiri, wasu sukan kai shi wurin wanzami a cire beli, ko a yanke zaren da ke ƙarƙashin harshe, wanda ake ce wa linzami. Beli ba ya hana magana, kowa da shi aka halicce shi. Zaren harshe kuwa kowa yana da shi. Kaɗan ne ƙwarai nasu yake gajarta har ya dame su, su ma ba ya hana su fara magana. Abin da aska take jawowa muna ganinsa a nan: zubar jini da ba ya tsayawa, ruɓar maƙogwaro, ciwon tetanos mai ƙulle baki ya sandarar da jiki, da yaron da ya ƙi nono saboda zafi har tamowa ta kama shi. In kuna shakkar harshen, ku kawo mu duba da fitila. Ba ya ɗaukar minti 2.

I'ina

I'ina takan fara tsakanin shekara 2 da 5, ta fi kuma kama maza. Tana bin jini a wasu gidaje. Ba tsoro ne ya kawo ta ba, ba kuma don an yi wa yaron cakulkuli ba. Yawancin yara suna barin ta da kansu. Abin da ke tsananta ta shi ne gaggawa da dariya. Kada ku ƙarasa masa kalma. Kada ku ce, "Yi a hankali," ko "Sake faɗa." Ku ne za ku sassauta taku maganar, ku dube shi da sakin fuska, ku saurari abin da yake faɗa, ku amsa shi. Wanda ya kwaikwaye shi a gida, a tsawata masa. Ku kuma gaya wa malaminsa na lakwal da na allo. In ta wuce wata 6, ko kun ga yana matse ido yana yaƙi da kalma, ko ya fara gudun magana, ku zo mu yi shawara.

Ku gaya wa yaron labarin Annabi Musa. A Littafin Fitowa sura 4, shi da kansa ya kawo kukan nauyin bakinsa lokacin da Allah ya aike shi wurin Fir'auna. Ba a fasa aiken ba, an haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna.

Yana ji, amma ba ya shiga hira

Akwai wani yaro kuma wanda kunnensa lafiya lau, yana jin buɗe leda daga nesa, amma in an kira sunansa ba ya waiwayowa. Ba ya nuna abu don ku gani tare. Ya fi son wasa shi kaɗai, yana jera abubuwa ko yana juya abu ɗaya. In an tambaye shi, sai ya maimaita tambayar. Ƙaramin canji ko hayaniya yana tada masa hankali ƙwarai. Likitoci suna kiran wannan otizim. Yadda ƙwaƙwalwarsa ta ginu ne. Ba laifin uwa ba ne, ba allurar rigakafi ce ta kawo shi ba. Kada ku yarda a ce muku ɗan ruwa ne, kada a ɗaure shi, kada a turara shi da hayaki.

A nan sai a yi hattara. Yaron da yake sunkuyar da kai gaban manya ladabi yake yi, haka aka koya masa. Abin dubawa shi ne yadda yake da uwarsa da yara 'yan'uwansa.

Babu maganin da ke cire otizim, amma koyarwa tana aiki. Ku zauna ƙasa daidai da shi, ku shiga wasan da shi ya zaɓa. In yana jera duwatsu, ku miƙa masa ɗaya, ku jira, ya miƙo hannu, ku ba shi wani. Bi-da-bi ke nan, ko ba kalma. Ku gajarta magana. Ku nuna masa abu biyu ya zaɓa. Ku riƙa yin abubuwan yini bisa tsari ɗaya. Duk yaron da ya fara magana sa'an nan ta ɓace, ko yana suma ko farfaɗiya, kada ku jinkirta kawo shi.

Manya

Tsoho in kunnensa ya yi nauyi, a hankali yakan janye daga majalisa. Ya gaji da cewa "Na'am?", mutane sun gaji da maimaitawa. Sai a ce ya rikice, alhali ji ne ba ya yi. Kaɗaicin nan yana ƙara masa baƙin ciki. Ku fara kawo shi a leƙa kunnen, wani lokaci datti ne kawai ya toshe. In za ku yi masa magana, ku zo gabansa, haske yana kan fuskarku, ku kashe rediyo. Kada ku yi ihu, ihu yana murguɗa kalma. In bai gane ba, ku sake faɗa da wasu kalmomin. A majami'a ko wurin taro ku zaunar da shi gaba, inda zai ga bakin mai magana. Ku daina ce masa, "Bari kawai, ba komai." Wannan kalma tana yi wa tsoho ciwo fiye da yadda kuke zato.

Shanyewar ɓarin jiki yawanci hawan jini ne yake kawo ta, jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. In kun ga baki ya karkace farat ɗaya, hannu ya saki, magana ta harɗe, ku nemi mota nan take, kada ku ɗura masa ruwa ko rubutu, don yana iya shaƙewa. A yawancin mutane sashen magana yana hagun ƙwaƙwalwa, hagun kuwa shi yake juya hannun dama da ƙafar dama. Shi ya sa wanda damansa ya shanye ya fi rasa magana.

Ku riƙe wannan da kyau: Baba bai haukace ba, bai kuma koma yaro ba. Ya san abin da yake so, kalmar ce ta ɓace masa. Yana iya son cewa "ruwa" sai "takalmi" ya fito. Wani ma ashar yake fita daga bakinsa, shi da bai taɓa yi ba. Ciwon ne. Kada ku yi hirarsa a kansa kamar ba ya nan. Mutum ɗaya ya yi masa magana a lokaci guda, da gajeruwar jimla, da girmamawar da kuka saba. Maimakon "Baba, me za ku sha?" ku nuna masa ƙwarya biyu ku ce, "Baba, hura ko kunu?" Sa'an nan ku jira. Jiran nan yana iya kai rabin minti. In ya nuna da hannu, amsa ce, ku karɓa.

Abin da baki ya saba da shi tun ƙuruciya yakan fi saurin dawowa: gaisuwa, ƙirga, addu'o'in da ya haddace, waƙoƙin sujada. Mutumin da ba ya iya faɗan sunan matarsa yana iya bin waƙa daga fari har ƙarshe. Ku fara da nan. Ku rera tare, ku tsaya gab da kalmar ƙarshe, ku bar shi ya cika. Minti 10 sau da yawa a yini ya fi awa guda da za ta gajiyar da shi. Sauƙi ya fi zuwa a watannin farko, amma yana ci gaba har bayan shekara. Ku fito da shi ƙofar gida abokansa su gaishe shi. Maganin hawan jini kuma kada ya yanke, ko da ya ji sauƙi.

Ku masu zuwa dubiya, daga zumuntar mata ko daga unguwa, ku gaida majinyacin shi kansa kafin mai jinya. Ku zauna, kada ku tsaya a kansa. Ku tambaye shi jiki, ku bar shi ya amsa da bakinsa. Ku bar labarin wane da ya yi irin ciwon nan bai tashi ba. Ku kawo masa labarin gona da kasuwa da wanda aka yi wa haihuwa, don ya ji har yanzu yana cikin gari.

Kai maigida kuma, akwai matan da suke zuwa mana a makare, da zubar jini ko da yaro a galabaice, in an tambaya sai su ce sun rasa yadda za su faɗa maka. In ka ce, "Ina gida?" aka ce, "Lafiya lau," gaisuwa ce aka amsa. Ka zauna, ka sake tambaya, "Yaya jikin naki? Yaron ya ci abinci yau?" ka yi shiru har ta gama.

In za ku zo asibiti

Ku zo da takardar awo da ta rigakafi, da duk maganin da ake sha, har da kwalin. Wanda ya fi zama da yaron ko majinyacin shi ya kamata ya rako shi, ko da kaka ce ko yayarsa, don ita ta san abin da za mu tambaya: yaushe aka fara lura, wane ciwo ya yi kafin nan, waɗanne kalmomi ko alamu yake yi, yana juyowa in an kira shi ko ba ya juyowa. Ku zo da safe, yaron ya ci ya ƙoshi. In yana da abin wasan da ya fi so, ko gwangwani ne, ku taho da shi, don da shi za mu fara gwada hirarsa.